Kalmar Sukolashif: Ma'anarta da Inda Ta Samo Asali

Daga cikin kalmomin Turanci da suka shigo bakin Hausawa, ban san wadda ta fi sukolashif farin jini wurin ɗalibin da ya kusa fita sakandare ba. Da zarar an shiga ajin ƙarshe, ba ka jin zancen kome a ɗakin kwana sai nata: wane ya samu, wane ya nema bai dace ba, yayan wane yana ƙasar waje da ita. Iyayenmu ma waɗanda ba su taɓa zama a ajin boko ba sun san ta sarai, don sau da yawa ita ce ke raba yaron da zai ci gaba da karatu da wanda zai komo gida ya ɗauki fartanya, ko da kuwa na biyun ya fi na farkon kai. In ka tambayi kowa ma'anarta, zai ce maka kuɗi ne da gwamnati ko wani mai hali ke biya wa ɗalibi. To, wannan gaskiya ne, amma rabin ma'anar ke nan. Ni kuwa da na bi saiwar kalmar a cikin ƙamus har ƙasa, abin da na tarar a can shi ne hutu, kuma a ganina wanda ya gane dalilin haka ya gane abin da ake ba shi ran da aka ce ya sami sukolashif.

Bari mu fara da yadda masu harshen ke amfani da ita. A Turanci ana rubuta ta "scholarship", kuma tana da ma'ana biyu. Ta ɗaya ita ce wadda muka sani, watau kuɗin taimakon karatu. Ta biyu kuwa ita ce zurfin ilimi, irin wanda mutum ke samu bayan ya daɗe yana bincike a tsanake, yana tantance magana kafin ya karɓe ta, yana kuma faɗin inda ya samo kowane abu. Hanyar rarrabe su ba ta da wuya. In ana nufin kuɗi, kalmar abar ƙirgawa ce, ana sa mata "a" a gaba, ana kuma yi mata jam'i, kamar a ce "she won a scholarship", watau ta ci sukolashif. In kuwa ana nufin ilimi, ba a ƙirga ta, ba a yi mata jam'i, sai a ce "a man of great scholarship", watau mutum mai zurfin ilimi. Ina jan kunnen 'yan'uwana masu shirin jarrabawa a nan, don in aka ce da wani littafi "a work of scholarship", ba ana nufin an biya wa marubucinsa kuɗin makaranta ba ne. Ana nufin littafi ne da aka sha wuyar bincike kafin a rubuta shi. Haka kuma in Bature ya kira Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ko Nana Asma'u "scholar", babban malami yake nufi, masani wanda ya karanta ya kuma rubuta.

Kalmar gaɓa biyu ce aka haɗa. Akwai "scholar", sa'an nan akwai ɗan wutsiyan nan "ship". Wannan wutsiya ba ta da wata dangantaka ta ma'ana da jirgin ruwa, ko da yake rubutunsu ɗaya. Tsohuwar ɗafa-ƙeya ce ta Turanci mai nuna hali ko matsayi, aikinta ɗaya da namu na Hausa da muke cewa aboki, abokantaka, ko shugaba, shugabanci, ko sarki, sarauta. Ashe ke nan in za a fassara kalmar gaɓa da gaɓa, sai a ce malanta ko ɗalibta, watau matsayin mai neman ilimi. Tun cikin ƙarni na 16 Turawan Ingila ke amfani da ita.

Shi kuma "scholar" daga "school" ya fito, ita kuwa "school" ba Baturiyar Ingila ba ce, baƙuwa ce. Asalinta kalmar Girkanci ce, "skhole", wadda ma'anarta ta farko ita ce hutu, ko sararin da mutum ke samu in babu wani aikin dole a kansa. Na san wanda aka tasa da ƙararrawa tun da asuba, ya yi shara, ya yi layin koko, ya zauna aji har azahar, sa'an nan ya koma karatun dare, zai ce lalle wanda ya raɗa wa makaranta suna hutu bai taɓa kwana a makarantar kwana ba. Amma Girkawa suna da dalilinsu.

A birnin Atina, wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam, ba kowa ne ke da lokacin zama ya yi tunani ba. Manomi yana gona, maƙeri yana maƙera, matuƙin jirgi yana teku. Wanda ke da sararin zuwa inuwar itatuwa ya saurari masu hikima suna muhawara kan mene ne adalci, ko yaya taurari ke tafiya, shi ne wanda cikinsa ya cika, kuma wani ne ke yi masa aikin da zai ci gobe. Da yake irin waɗannan mutane a wurin muhawara suke ɓatar da hutunsu, sai sannu a hankali sunan hutun ya koma kan muhawarar, daga nan ya koma kan jama'ar da ke taruwa, daga ƙarshe ya zauna kan wurin da ake taruwar. Irin wannan tafiya ta ma'ana ba baƙuwa ba ce gare mu. Mu ma muna cewa majalisa, muna nufin wurin zama, muna kuma nufin mutanen da ke zaune. Aflatun ya kafa tasa makarantar wajen shekara ta 387 kafin haihuwar Annabi Isa, a wata kurmin itatuwa da ke bayan gari mai suna Akademiya, almajirinsa Aristotal kuma ya kafa tasa wajen shekara ta 335 a wani wuri da ake kira Lukeyon. Har yau sunayen nan biyu suna raye. Na farko shi ne "academy" na Turanci, na biyu kuma shi ne "lycée" na Faransanci, sunan da ake kiran babbar sakandare da shi a Jamhuriyar Nijar.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, Girkawa ba su ɗauki hutu a matsayin ɗan abin da ake samu bayan an gama aiki ba. Hutun shi ne tushe a wurinsu, har ma kalmarsu ta hidima da kai-komo, "askholia", ma'anarta rashin hutu. Aristotal yana ganin dalilin da ya sa ilimin lissafi ya fara bunƙasa a Masar shi ne an bar malaman addinin ƙasar sun sami sarari, ba a ɗora musu aikin neman abinci ba. Rumawa ma haka suka gina tasu kalmar: hutu "otium", ciniki da hidima kuwa "negotium", watau ba hutu. Sai dai kada daɗin magana ya sa mu manta da wanda ya biya kuɗin wannan hutu. Bayi ne ke noma, su ke haƙar azurfa, su ke aikin gida, mata kuwa galibi suna kulle ba a sa su cikin zancen. Har wanda ke raka yaro makaranta ya riƙe masa kayan rubutu bawa ne, sunansa "paidagogos", daga nan Turawa suka sami kalmarsu ta ilimin koyarwa. Ke nan tun ran farko, kafin wani ya zauna ya yi karatu sai wani ya tsaya a rana dominsa.

In da ni za a tambaya kalmar Hausa da ta fi dacewa da "skhole", sai in ce sukuni. Muna cewa ban sami sukuni ba, ko yana cikin rashin sukuni, muna nufin sarari da kwanciyar hankali gaba ɗaya. Har ma amon kalmomin biyu ya so ya yi kama, amma kama da wane ba ta wane, don sukuni daga Larabci muka aro ta, ba ta haɗa kaka da ta Girkawa ba.

Daga Girka kalmar ta shiga Latin, harshen Rumawa, ta zama "schola", aka kuma sami "scholaris", watau ɗan makaranta. Bayan daular Rum ta faɗi, malaman addinin Kirista suka ci gaba da riƙe Latin a matsayin harshen karatu, kusan yadda Larabci yake a wurin malamanmu, su ne kuma suka baza kalmar ko'ina a Turai. A shekara ta 597 wata tawagarsu ta sauka Kantabari a Ingila, aka fara kafa makarantu a jikin majami'u, tsohon Turanci ya karɓi kalmar yana cewa "scol" da "scolere". Faransawa suka mai da ita "école", Jamusawa suka ce "Schule". Daga ta Faransawan ne 'yan'uwanmu Hausawan Nijar suka sami lakwal. Mu a nan ba mu bukaci aron ba, don mun riga muna da makaranta, daga karanta, sai kawai muka ƙara mata boko don a rarrabe ta da ta allo.

To, yaya aka yi kuɗi suka shigo cikin zancen? Wannan ya faru ne a Ingila, zamanin da jami'o'in Oksfod da Kambirij ke tasowa. Ɗalibai da yawa 'ya'yan talakawa ne, sun baro garuruwansu ba su da wurin kwana, ba su da abin sawa a baka. Sai masu hali, sarakuna da manyan limaman majami'a, suka riƙa gina gidaje suna ba da gonaki da filaye wakafi, a riƙa ciyar da wani adadi na ɗalibai da abin da gonakin suka kawo. Wani mai suna Walter de Merton ya kafa irin wannan gida a 1264, yana nan har yau a Oksfod da sunansa. A 1382 William na Wykeham ya kafa kwaleji a Wincesta don yara 70 'ya'yan marasa hali, a 1440 kuma Sarki Henry na 6 ya kwaikwaye shi ya kafa ta Iton, ita ma don yara 70. Waɗannan yaran da gidan ke ciyarwa, ya tufatar, ya ba su wurin kwana, su ake kira "scholars". Wanda ubansa ke biya masa kuwa wani suna dabam ake ba shi. Gurbin da yaro ya samu cikin 70 ɗin nan shi ne "scholarship" ɗinsa, watau matsayinsa na ɗalibin gida. Da yake matsayin tafe yake da tuwo da riga da ɗaki, ba a daɗe ba sunan ya rufe har da su, daga baya da aka koma ba da kuɗi a hannu sai ya bi kuɗin.

Akwai abin dariya, ko in ce abin takaici, a ƙarshen wannan labari. Wykeham ya yarda a karɓi 'ya'yan manya guda 10 kacal masu biya, su zauna tare da 'ya'yan talakawan. Da aka ga karatun wurin yana da kyau, masu biya suka yi ta ƙaruwa har suka rinjayi masu gida nesa ba kusa ba. Yau Iton tana da yara fiye da 1,300, guraben Sarki kuwa suna nan 70 yadda aka bar su, kuma makarantar da aka gina don marasa hali ta zama ɗaya daga cikin mafiya tsada a Ingila, ta yaye firayim minista 20. Ɗan mai kuɗi ba ya barin wuri mai kyau don an ce na talaka ne, wannan kuwa ba a Ingila kaɗai ba.

Yanzu in mun haɗa bakin zaren, za mu ga ma'anonin nan biyu ba baƙin juna ba ne. Zurfin ilimi ba ya samuwa sai da sukuni, sukuni kuwa ba ya samuwa ga mai yunwa, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ɗan attajirin Atina ya gaji nasa sukunin daga gumin bayi. Ɗan talakan Wincesta ba shi da bawa, saboda haka aka saya masa sukunin da gonar wakafi. Abin da mai ba da sukolashif ke saya ke nan, lokaci. Yana cewa ɗalibi ne, shekara huɗu ɗin nan na ɗauke maka neman abinci, kai dai ka zauna ka yi karatu. Don haka ni a ganina ɗalibin da ya karɓi kuɗin ya sayi babbar waya da takalman yayi, ya kwana yawo, ranar jarrabawa ya shiga raba ido, bai ci kuɗin gwamnati kaɗai ba, ya ɓatar da shekarun da aka hana wani aka ba shi. Gurbin ƙidayayye ne, kamar 70 ɗin can, kuma akwai na 71 wanda ya koma gida. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Iyayenmu manoma sun san wannan lissafi tun kafin su ji kalmar. Shi ya sa a da karatun allo ya fi ƙarfi da rani, bayan an kai amfanin gona gida, in damina ta faɗi kuwa a koma gona. Uban da ya bar ƙaton ɗansa yana aji a watan Yuli, alhali ciyawa na cin gero, ya ɗauki ɗan ƙodago ko ya duƙa shi kaɗai, ya ba da sukolashif, ko da ba a rubuta sunansa a wata takarda ba. Haka uwar da ta sauke wa 'yarta farantin talla, ta yarda cinikin ƙosanta ya ragu. Amma kuma ina roƙon iyaye su lura da ɗaya gefen. Yarinyar da aka biya mata kuɗin makaranta, amma daga ta dawo sai ɗiban ruwa, sai surfe, sai raino, sai wanke-wanke har ta yi barci a kan littafi, an ba ta makaranta an hana ta abin da sunan makarantar ke nufi, alhali wanta yana kwance a zaure da littafinsa. In sakamako ya fito a ce ai mata ba su da kai.

Ba kowane kuɗin sukolashif ne ke da tsabtar asali ba, wannan ma ya kamata a sani. Mafi shahara a duniya ita ce ta Cecil Rhodes, wanda ya mutu a 1902 ya bar wasiyya a riƙa kai samari Oksfod da dukiyarsa. Dukiyar nan kuwa daga ramukan lu'ulu'u da zinariya na kudancin Afirka ta fito, inda baƙaƙen fata ke haƙa, aka kuma ƙwace ƙasashensu har aka sa wa wata sunansa, Rodeshiya. Mata ba su fara samun ta ba sai 1977. A 2015 ɗaliban Jami'ar Kef Tawun suka matsa har aka cire gunkinsa daga harabar jami'ar. Tambayar da muka yi game da Atina, wa ya tsaya a rana, tana nan ba ta tsufa ba. A ƙasarmu kuwa, irin wannan taimako ne ya kai Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Landan a 1945, Malam Aminu Kano kuma a 1946, dukansu suna malaman makaranta a Bauci a lokacin. Shekara guda guda suka yi, kowa kuma ya san abin da suka dawo suka yi da ita.

Akwai kalmomi biyu da ake yawan cuɗa su da wannan, ya kamata mai cika fom ya rarrabe. Ta ɗaya "bursary", daga kalmar Latin "bursa", watau jakar kuɗi, inda aka sami sunan ma'ajin makaranta. A bisa al'ada ita don bukata ake ba da ita, a dubi rashin ƙarfin iyaye, sukolashif kuwa an fi ba da ita don ƙoƙari, a yi gasa wanda ya ci ya samu. Faransawa su jakar suka zaɓa, shi ya sa ɗalibin Nijar "bourse" yake nema. Ta biyu ita ce lamuni, irin wanda gwamnatin tarayya ta fara bai wa ɗaliban manyan makarantu a 2024. Shi wannan bashi ne, za a biya bayan an fara samu. Kada wani ya je gida ya ce wa tsohonsa ya sami sukolashif alhali rance ya ci.

Mu Hausawa da muka ari kalmar, mun yi mata irin gyaran da muke yi wa kowace baƙuwa. Bakinmu ba ya son baƙaƙe biyu a jere a farkon kalma, saboda haka muka cusa wasali tsakanin "s" da "k", kamar yadda muka yi wa sukudireba. Ba mu da "p", muka mai da ita "f", kamar a fensir da famfo da kofi. Sai dai ma'ana ɗaya muka ɗauko, ta kuɗin, muka baro ɗayar a can. Ban ga laifinmu ƙwarai ba, don ba mu rasa abin faɗa ba: muna da malanta, muna da zurfin ilimi, muna cewa wane ya sha karatu, ko wane kogi ne. Amma malanta ta fi karkata yanzu ga aikin koyarwa, har in ka ce wane yana malanta sai a tambaye ka a wace firamare. Saboda haka in an ba ni fassara, zurfin ilimi nake sawa, ko ilimin bincike in maganar ta littafi ce.

Saura abu biyu ƙanana. In kun ci karo da "a school of fish" a littafin karatu, ba makarantar kifaye ba ce. Wannan wata kalma ce dabam daga harshen mutanen Holan, ma'anarta garke, rubutu ne kawai ya haɗa su. Sa'an nan harafin "h" ɗin nan da ke cikin kalmar, wanda ba a furta shi, Turawan da ma sun daɗe suna rubutu ba tare da shi ba, sai daga baya masana suka mayar da shi don rubutun ya yi daidai da na Latin. Mai rubuta takardar neman sukolashif ya duba da kyau ya ga ya sa shi bayan "c", don a layin farko na takardar kalmar take zuwa, kuma nan idon mai dubawa ke fara sauka.